Abokiyar aikinmu ta kwanta a ɗakin da take aiki: yaya ya kamata mu tsaya mata?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan jinya da ungozoma da ke wannan zaure. Na kawo muku wani al'amari ne da ya hana mu sukuni, ina neman shawarar waɗanda suka riga mu ganin irinsa. Wata babbar sista da muke aiki tare a ɗakin kwanciyar mata, wadda a hannunta na koyi neman jijiya lokacin da aka fara turo ni, ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar aikin dare wata biyu da suka wuce. Ashe ta daɗe tana fama da hawan jini, ƙafafunta suna kumbura tana ce mana yawan tsayuwa ce. Gwaji ya nuna ƙodojinta sun gaza, yanzu ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. An sallame ta, sai bututun da aka sa mata a wuya ya jawo mata zazzaɓi mai zafi, aka sake kwantar da ita, kuma a ɗakin da ta shafe shekara 17 tana aiki a cikinsa.

Shekaranjiya na shiga na tarar tana duba agogon hannunta tana ƙirga ɗigon ruwan maganin da aka ɗaura mata, ta ce mini ya yi sauri, na duba kuwa na ga gaskiyarta. Amma da wata ɗaliba ta kawo mata fo, sai ta juya fuskarta ga bango, ba ta sake yi wa kowa magana ba har aka miƙa aiki. Abu uku nake tambaya. Shin daidai ne mu da muka saba da ita mu ci gaba da jinyarta, ko a mayar da ita wani ɗaki? Kuɗin da muka yi karo-karo muka tara ya ƙare, yaya ake yi wa ciwon da ba shi da ranar ƙarewa? Sannan ta hana a gaya wa kowa halin da take ciki, alhali taimako ba ya zuwa sai an sani.

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri. Ni sabuwa ce a aikin, saboda haka zan zauna in saurari manya.

Tsohuwar_Metiron:
'Yata Maman_Sadiq, na yi shekara 35 a wannan aiki kafin in ajiye, kuma na jinyaci abokan aiki fiye da yadda nake son tunawa. Abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba, amma shi na gani da idona: ma'aikaciyar jinya idan ta kwanta a hannun ƙawayenta, sau da yawa ta fi kowace majinyaciya fuskantar sakaci, kuma ƙauna ce take jawo sakacin. Ba a yi mata bayanin magani saboda an ce ai ta sani. Ba a tashe ta awon jini na ƙarfe biyun dare saboda ana tausayin barcinta. Ba a duba bayanta da ɗuwawunta don ganin ko gyambon kwanciya ya fara, saboda kunya ta hana a ɗaga mata zane. Idan ta ce kada a rubuta wani abu a takardar awo, sai a bi ta, tunda ita ce babba. Haka ake tafiya har ranar da likita zai zo zagaye ya tarar da takarda cike da giɓi.

Abin da nake yi a zamanina shi ne in ɗora jinyar a kan nas mai natsuwa wadda ba ƙawarta ba ce, in ce mata ta riƙe ta kamar yadda za ta riƙe baƙuwar da aka kawo daga ƙauye, da dukan ƙa'idojin aiki. Ƙawaye kuwa su zo bayan sun tashi, su cire farin kaya, su zauna a matsayin 'yan dubiya. Wanzami ba ya son jarfa, wannan tsohon zance ne, amma idan ta kama dole a yi masa, ba amininsa ake miƙa wa askar ba.

Nas_Haruna:
Mama, ina girmama maganarki, amma ina ganin kina magana ne a kan lokacin da ake da ma'aikata. A asibitin da nake, mutum biyu ne suke kwana a kan ɗaki guda, wani daren ma mutum ɗaya da ɗalibi. A ina za a samo wadda ba ƙawarta ba, bayan duk wanda ke ɗakin ya ci abinci a kwano ɗaya da ita? Idan kuma aka mayar da ita wani ɗaki, ina tsoron ta ɗauka an gaji da ita ne. A ganina a tambaye ta kawai. Mu da kullum muke koya wa ɗalibai cewa majinyaci yana da haƙƙin a nemi yardarsa, bai kamata mu manta da wannan ba don majinyaciyar tamu ce.

Tsohuwar_Metiron:
Malam Haruna, ban ce kada a tambaye ta ba. Na ce ne idan an tambaye ta, kara za ta sa ta ce duk ɗaya ne. Sai dai wanda zai yi tambayar ya san yadda ake yin ta.

Sista_Wankin_Ƙoda:
Ni a sashen wankin ƙoda nake shekara tara ke nan, don haka bari in taɓa tambaya ta biyu, in kuma ƙara da abin da ba a tambaya ba. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a tara kuɗi mai kauri a makon farko, lokacin da hankalin kowa yake tashe, a damƙa wa iyali, kowa ya ji ya sauke nauyi. Wankin ƙoda ba tiyata ba ne da ake yi sau ɗaya a huta. Zama ne na kimanin awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, ga kuɗin gwaje-gwaje, ga allurar da ke taimaka wa jiki ya samar da jini, ga magungunan hawan jini, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Wanda zai ba da dubu biyu kowane ƙarshen wata ba fashi ya fi muku amfani a kan wanda ya ba da dubu hamsin sau ɗaya ya ɓace. Ku yi shi kamar adashi, a sa mutum biyu su riƙe littafi, a riƙa biyan kuɗin kai tsaye a wurin biyan kuɗi na asibiti ana ajiye rasit. Ku kuma bincika ko tana iya cin moriyar rangwamen da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, inda aka ce an rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya.

Na biyu, tunda bututun wuya ya riga ya jawo mata zazzaɓi, ku matsa a yi maganar haɗa mata jijiya a hannu, wato fistula, wadda za a riƙa yin wankin ta wurinta maimakon bututun. Ku yi wa danginta bayani da kyau, domin na sha ganin iyalai sun firgita da jin kalmar, suna zaton yoyon fitsari ake nufi. Bayan an haɗa, jijiyar tana ɗaukar makonni kafin ta nuna a fara amfani da ita. Tun daga yau ku keɓe hannun da za a yi aikin a kansa: ba a ɗaura masa abin awon jini, ba a ɗibar jini daga gare shi, ba a sa masa allurar ƙarin ruwa. Ku rubuta da babban baƙi ku manna a kan gadonta, ko da kowa ya sani.

Na uku, 'yan dubiya. Kowa zai zo da ledar ayaba da lemu da dabino, waɗannan kuwa suna cike da sinadarin fotasiyam da ƙodarta ba ta iya fitarwa, kuma idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Wata za ta kawo farfesu da ya sha gishiri da dunƙule, wata ta ɓoyo jiƙo a gora ta ce an gwada an dace. A nan ne za ku nuna mata ƙauna ta haƙiƙa, ku zama masu ɗaure fuska a bakin ƙofa domin kada ita ta sha kunyar mayar da hannun kyauta baya.

Baban_Ilham:
Mu a wurinmu da wani abokin aiki ya yi haɗari a hanyar Zariya, mu goma sha ɗaya muka yi layi a ɗakin gwaje-gwaje muka ba da jini. Ina ganin ku ma ku fara da wannan, tunda masu ciwon ƙoda ba sa rabuwa da ƙarancin jini.

Sista_Wankin_Ƙoda:
Baban_Ilham, niyyarka mai kyau ce, kuma ga mai haɗari abin da kuka yi shi ne daidai. Amma ga wadda ake fatan wata rana a yi mata dashen ƙoda, likitocin ƙoda suna guje wa yawan ƙarin jini sai in ya zama dole, domin yana iya sa jikinta ya samar da garkuwar da za ta ƙi karɓar ƙodar da za a ba ta. Ku ba da jinin a ajiye a ma'ajiyar asibiti, wani zai amfana, ita kuma ku saya mata allurar nan da ke taimaka wa jiki ya samar da jini.

Wadda_Ta_Tashi:
Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa rubutu ba, yau dai zan yi, domin na kwanta a irin gadon da kuke magana a kai. Shekara huɗu da suka wuce aka gano ina da sankarar mama, aka yi mini tiyata a asibitin da nake aiki, na yi wata shida ina karɓar maganin nan mai zubar da gashi. Abokan aikina sun yi mini abin da wasu 'yan uwan jini ba su yi ba, kuma har abada ba zan manta ba. Duk da haka zan faɗi abin da ya fi yi mini ciwo, domin ku kiyaye shi.

Fayil ɗina ya zama kamar jaridar safe. Mutanen da ba su da hannu a jinyata, daga ɗakin haihuwa, daga ɗakin yara, har daga wurin yankar kati, kowa ya bi ta tebur ya buɗe ya karanta, da sunan damuwa da ni. Na san sakamakon gwajin naman da aka yanka ne daga fuskar wata da ta shigo gaishe ni idanunta jajur, tun likita bai zo ba. Na kuma riƙa jin ana rage murya idan an zo daidai labulena wajen miƙa aiki, ni kuwa na san ma'anar rage murya, tunda ni ma na sha yi wa wasu. Ku sani cewa ita ma sistarku tana karanta fuskokinku fiye da yadda take karanta takardar awo.

Wadda ta fi yi mini amfani ba ta taɓa tambayata ya jiki ba. Takan shigo bayan la'asar, ta ja kujera, ta fara ba ni labarin wanda ya makara, da wanda Metiron ta yi wa faɗa, da rigimar jadawalin aikin salla. Wata rana har ta kawo mini takardar wata majinyaciya da aka rufe sunanta, ta ce in duba mata lissafin magani domin kanta ya ɗaure. Na san ƙarya take yi, ta fi ni iya lissafi, amma ranar ce na fara jin cewa har yanzu ni nas ce. Da gashina ya fara zuba kuwa, ita ce ta zo da reza da sabon ɗankwali, ta rufe ƙofa, ta aske mini, ba ta yi kuka ba sai da ta fita. Daga baya aka gaya mini.

Ummu_Hanifa:
Anti, wallahi kin sa ni hawaye. Allah ya ƙara miki lafiya. Na kuma ji kunya, domin ni ma na taɓa buɗe fayil ɗin wata babbarmu ba tare da aikina ba ne.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Ku yi mini afuwa, amma ina ganin ana zagaye-zagaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Albashin ma'aikatan ɗaki ɗaya ba zai riƙe wankin ƙoda na shekara ba, balle a kai ga dashe. A ɗauki hotonta, a sa lambar asusu, a watsa a Facebook da WhatsApp, a kai wa masu hali da 'yan siyasa. Na ga an yi wa mutane da dama haka an dace. Rai ya fi kunya.

Hajiya_Ungozoma:
Ɗan_Gwagwarmaya, cibin nata ne, ita ce kuma za ta ce ko yau ranar wanka ce. Mu da aka horar a kan riƙe sirrin majinyaci, kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya tana iya hukunta wanda ya tona shi, ba mu ne za mu fara watsa hoton mace a kan gadon asibiti ba tare da izininta ba. Ka tuna tana da 'ya'ya, wataƙila har da 'yan mata da ake neman aurensu, ka kuma san yadda mutanenmu suke da zarar sun ji ciwo a gida. Sannan hoto idan ya fita ba ya dawowa. Mun ga yadda 'yan damfara suke ɗaukar irinsa su canza lambar asusu su ci gaba da karɓar kuɗi da shi. Ana iya zuwa wurin mai hali mutum biyu a rufe, a yi masa bayani, ya taimaka ba tare da duniya ta ji ba.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Hajiya, ban ce a yi ba da saninta ba. Amma idan ta ƙi, kuɗi kuma ya yanke, ta fara tsallake zama, wa zai ɗauki alhakin? Ku da kanku kun san abin da ke biyo bayan tsallake wanki: ruwa ya cika huhu, a kawo ta da tsakar dare tana haki.

Sakataren_Reshe:
Kafin a kai ga Facebook akwai ƙofofin da ban ji an ƙwanƙwasa ba. Na riƙe muƙami a reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NANNM, kuma abin da na lura shi ne muna gaggawar sa hannu a aljihu, muna jinkirin ɗaukar biro. Ku rubuta wa reshenku takarda a hukumance, domin ana cire mata kuɗin ƙungiya daga albashi shekara da shekaru, neman tallafi a yanzu ba bara ba ne. Ku rubuta wa hukumar asibiti ta hannun shugabar ma'aikatan jinya, ku nemi sassauci a kan kuɗin gado da gwaje-gwaje. Ku duba matsayinta a inshorar lafiya: idan ma'aikaciyar tarayya ce, tana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da aka kafa da dokar 2022 a madadin NHIS, idan ta jiha ce, jihohi suna da nasu tsarin, kamar KSCHMA a Kano. Ku je ofishin da ƙafarku ku tambayi abin da tsarin ya ɗauka game da wankin ƙoda da iyakarsa, a ba ku a rubuce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne takardun hutun rashin lafiya. Kada ku bari a wayi gari an rubuta cewa ba ta zuwa aiki, a tsayar da albashinta a lokacin da ta fi bukatarsa. Doguwar jinya tana kaiwa ga kwamitin likitoci da zai duba ko za ta iya komawa aiki, kuma gara ku shirya wa wannan zama da rahoton likitanta, ku nemi a mayar da ita aiki mara nauyi, kamar koyar da ɗalibai ko sashen marasa lafiya na waje, maimakon a yi mata ritayar dole.

Nas_Haruna:
Mu da irin wannan ta faru da wani abokin aikinmu, raba kwanakin aikinsa muka yi a tsakaninmu, muna sa masa hannu a rajista har wata biyar. Babu wanda ya ji, albashinsa bai taɓa tsayawa ba.

Tsohuwar_Metiron:
Malam Haruna, kun tsira ne kawai, ba daidai kuka yi ba. Karɓar wa abokin aiki kwana da sanin shugaba alheri ne, ni ma na yi, an kuma yi mini lokacin da nake goyo. Amma sa hannu da sunan wanda ba ya nan ƙarya ce a takardar gwamnati. Da wani majinyaci ya rasu a daren da rajista ta nuna shi ne a bakin aiki, da wa za a tuhuma? Da kun jefa mara lafiya cikin bincike, ku ma kun jefa lasisinku. Hanyar da Sakatare ya nuna ta fi tsawo, amma ita ce ba ta da rami.

Sista_Rifkatu_Jos:
Ina gaishe ku duka. Wannan zance ya tuna mini da tarihin da ake ba mu a nan Jos tun muna makarantar koyon jinya. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a garin Lassa, wanda yake cikin jihar Borno a yau. Aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin mishan na Jos, inda abokiyar aikinta Charlotte Shaw ta yi jinyarta, tana goge mata baki alhali akwai ɗan yanka a yatsarta. Laura ta rasu, Charlotte ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, wadda ta yi jinyarsu, ta kwanta, aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar, kuma jininta yana cikin waɗanda aka gano ƙwayar cutar a cikinsu. A 1970 likitar da ta kula da su, Jeanette Troup, ta rasu da cutar bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Wato sunan zazzaɓin Lassa da muke ji kowace shekara, farkon labarinsa a asibiti labarin ma'aikatan jinya ne da suka tsaya wa junansu.

Na kawo shi ne saboda maganar Mama Metiron. Idan namu ne ya kwanta, mukan ji nauyin sa safar hannu da takunkumi, kamar muna ƙyamarsa ne. Su waɗancan ba su san abin da suke fuskanta ba, mu kuwa mun sani.

Baban_Ilham:
Sista Rifkatu, tarihi ne mai amfani, amma ciwon ƙoda ai ba a ɗaukarsa. Kada mu kauce daga tambayar Maman_Sadiq.

Sista_Rifkatu_Jos:
Ban kauce ba, ɗan'uwa. A nan haɗarin ya juya ne, ita ce za ta ɗauka daga gare mu. Mace mai bututu a wuya wanda ya kai har kusa da zuciya, a ɗakin da kowa yake jin yana da ikon taɓa ta domin tasu ce, ka ƙirga hannaye nawa ne za su gyara mata filasta a yini. Maman_Sadiq ta ce zazzaɓin bututu ne ya dawo da ita. A bar buɗe wurin ga ma'aikatan sashen wanki, sauran kuma a wanke hannu ko gaisawa za a yi.

Malam_Na_Ɗakin_Tiyata:
Ina so in ƙara da ɓangaren addini a taƙaice. Gaishe da mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma aikinmu yana da asali tun daga Rufaida, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu tantinta bayan an ji masa rauni a yaƙin Handaƙ. Amma malamai sun yi magana a kan ladubban dubiya, ciki har da taƙaita zama da guje wa zancen da zai karya zuciya. Wanda ya dawo daga wanki yakan dawo a galabaice, ba ya bukatar mutum goma a kansa ana ba shi labarin wane da irin ciwon ya kashe. Game da kuɗi kuma, ku tuntuɓi malami a kan zakka, domin samun albashi ba ya nufin mutum ya wadatu idan magani ya fi ƙarfin albashin ko bashi ya hau kansa.

Majo_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan abin da ya fi wahalar da masu wannan ciwo shi ne nisan wurin wanki, har wasu sukan bar garinsu su tare kusa da na'ura. Da wata abokiyar aikinmu ta shiga wannan hali, mun gane cewa rabin damuwarta ba jikinta ba ne, gidanta ne. Sai muka raba aiki: wata ta ɗauki kai yara makaranta, wata ta ɗauki cefanen ranar kasuwa, wani mai mota ya ɗauki kai ta tasha. Maman_Sadiq ba ta gaya mana komai game da gidan sistar ba. Wa yake dafa wa yaranta a ranakun wanki?

Maman_Sadiq:
Na gode muku ƙwarai, na karanta kowace amsa, wasu har sau biyu. Jiya bayan na tashi na koma gida na canza kaya, na dawo da magariba, na ja labule na zauna. Na bi shawarar Mama Metiron, ban tambayi sistar ko tana son a canza mata ɗaki ba, sai na ce, “Yaya, da ni ce a gadon nan ke kuma kike riƙe da ɗakin, yaya za ki tsara jinyata?” Ta yi dariya, irin wadda rabon da mu ji ta tun kafin ta faɗi, sannan ta zayyano mini komai kamar tana miƙa aiki. Ba ta son barin ɗakin. Amma ta ambaci mutum biyu da take so su riƙa yi mata abin da ya shafi tsiraici, kuma ba na cikinsu, ba kuma wata aminiyarta a ciki. Ta roƙa kada a sake turo mata ɗaliban da ta koyar. Ta ce a ɗauke fayil ɗinta daga kan tebur a sa a durowar Metiron.

Maganar Facebook kuwa ta ce ko bayan ranta ba ta yafe ba. Ta yarda a rubuta wa ƙungiya da hukumar asibiti, ta kuma yarda da karo-karon wata-wata bisa sharaɗin kada a nuna mata sunayen masu bayarwa, domin ba ta so ta riƙa kallon wanda ya bayar da wanda bai bayar ba. Majo, tambayarka ta kama ni, domin wata biyu muna kanta ba wanda ya yi wannan tunani. Mijinta ya yi ritaya, 'yarta ta fari da ke shirin jarrabawar fita sakandare ita ce take girki, har ta fara fashin makaranta. Mun sa wannan a gaba yanzu.

Nas_Haruna:
Kun gani ko, Mama? Da aka tambaye ta ai ta zaɓi zama a ɗakinta.

Tsohuwar_Metiron:
Ta zaɓi ɗakin, Malam Haruna, amma ka sake karanta waɗanda ta zaɓa su taɓa jikinta.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Na ji, kuma na janye maganar hoto tunda mai abu ta ce a'a. Sai dai har yanzu ban ga lissafin da zai kai ku ƙarshen shekara ba, kuma ina roƙon ku sake zama da ita bayan wata uku idan littafin ya fara nuna giɓi, domin ra'ayin mutum yakan canza. Sannan ba wanda ya taɓo dashe da gaske. Ana yin sa a nan gida, har a asibitin koyarwa na Aminu Kano. Tana da 'yan uwa na jini da za a gwada?

Sista_Wankin_Ƙoda:
Wannan magana ce da likitan ƙoda zai buɗe da ita da iyalinta, ba abokan aiki ba, domin da zarar mun sa baki sai ƙannenta su ji kamar an tsare su. Ku dai sani cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki, don haka duk wanda ya zo muku da zancen zai samo mai bayarwa a kan farashi, ku sallame shi. Kuma dashe ba ya kawo ƙarshen kashe kuɗi, domin akwai magungunan hana jiki ƙin ƙodar da za ta sha muddin ƙodar tana jikinta.

Wadda_Ta_Tashi:
Ƙanwata Maman_Sadiq, kada ki ji haushi don ba ta sa sunanki cikin mutum biyun nan ba. Ni ma aminiyata ce ta farko da na hana ta ganin ɗinkina. Abu ɗaya zan roƙe ki: ki rubuta a wani wuri cewa za ki je gidanta a wata na biyar da na shida. A lokacin ne waya takan daina ƙara, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa, ba don mugunta ba sai don kowa ya koma harkarsa. Ni a wata na biyar ne na fi yin kuka.

Ummu_Hanifa:
Anti Maman_Sadiq, ko za a iya karɓar gudummawar wanda ba a asibitinku yake ba? Ba ni da yawa, amma zan iya dubu ɗaya kowane wata. Idan ya halatta, ki turo mini bayanin masu riƙe littafin ta akwatin sirri.

Maman_Sadiq:
Zan tambaye ta tukuna, ƙanwata, tunda ta yarda ne da karo-karon 'yan ɗakinmu kawai. Gobe Laraba ranar wankinta ce, ni zan raka ta, idan ta farfaɗo da yamma zan gaya mata. Sista_Wankin_Ƙoda, hannun hagu muka keɓe domin da dama take rubutu, mun kuma manna takardar a kan gado. Wane irin abinci ya dace in tafi mata da shi wanda za ta iya ci bayan an cire ta daga na'ura?